Gungun ƙwayoyin ruwa: yadda ake auna ɗaurin haidirojin da hasken infared

Gungun ƙwayoyin ruwa taro ne na ƙwayoyin ruwa ƴan kaɗan, daga biyu zuwa ƴan ɗaruruwa, waɗanda suka riƙe juna ta hanyar abin da masana kimiyyar sinadarai ke kira ɗaurin haidirojin. A littattafan makarantun da ke koyarwa da Faransanci, sunan wannan ɗauri liaison hydrogène, gungun kuma agrégat d'eau. Gungu ya yi ƙanƙanta ƙwarai da a kira shi ɗigo, domin ɗigo guda da ya faɗo daga bakin buta yana ɗauke da ƙwayoyin da yawansu ya haura lamba 1 mai sifili 21 a bayanta.

Tun shekarun 1950 masu bincike ke haɗa irin wannan gungu a ɗakunan gwaji, suna haska shi da hasken infared, suna auna ɓangaren hasken da ya shanye. Babban abin da aikin ya tabbatar shi ne, ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin ruwa biyu ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya. Yana ƙaruwa idan ta uku ta shigo, ya sake ƙaruwa idan ta huɗu ta zo. Wannan taimakekeniya ce tushen yawancin halayen ruwa, kuma sai an san girmanta daidai kafin a iya kwaikwayon ruwa a kwamfuta yadda ya kamata.

Ƙwayar ruwa da ɗauri iri biyu

Ƙwayar ruwa ita ce yanki mafi ƙanƙanta da za a iya raba ruwa zuwa gare shi, ya kasance har yanzu ruwa ne. Ta ƙunshi atam ɗaya na oksijin da biyu na haidirojin, abin da ya sa ake rubuta ta H2O. Siffarta kamar gwafa ce mai buɗaɗɗen baki: oksijin a gindi, haidirojin biyu a kan rassa, kusurwar da ke tsakanin rassan kuma digiri 104 da rabi. Tazarar oksijin da kowane haidirojin kusan fikomita 96 ce. Fikomita shi ne abin da ake samu idan aka raba mita ɗaya gida tiriliyan.

Ɗaurin da ya haɗa atam ukun nan a cikin ƙwaya ɗaya mai ƙarfi ne, saboda tarayya suka yi a kan elektiron. Sai dai rabon bai zo daidai ba. Oksijin ya fi jan elektiron zuwa gefensa, don haka gefen nasa ke da ɗan cajin ragi, gefen haidirojin kuma ɗan cajin ƙari, kamar alamomin − da + da ke kan batirin tocila. Idan ƙwayoyi biyu suka kusanci juna, haidirojin ɗin wannan sai ya karkata zuwa oksijin ɗin waccan. Wannan jan shi ne ɗaurin haidirojin. Wadda ta miƙa haidirojin ana ce mata mai bayarwa, ɗayar kuma mai karɓa. Kowace ƙwaya na iya bayar da biyu ta karɓi biyu, jimilla huɗu, kuma haka suke a jere cikin ƙanƙara.

Ɗaurin cikin ƙwaya ya fi na haidirojin ƙarfi sau ashirin ko fiye. Duk da haka tasirin ƙaramin ɗaurin a fili yake. Iskar H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƴar'uwar ruwa ce ta fuskar siffa, ta ma kusa ninka shi nauyi, amma tana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili. Da ruwa ya bi sahun danginsa, da ya tafasa a ƙasa da haka, da kuma babu kogi ko rijiya a doron ƙasa. Ɗaurin haidirojin ne ya riƙe shi har zuwa digiri 100. Shi ne kuma ya sa ƙanƙara ke ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 har take yawo a saman ruwa. Sanyin ruwan randa ma daga nan yake: kowane kilo na ruwan da ya tsattsafo ta jikin randar ya bi iska yana tafiya da zafi kusan kilojul 2400, kuma mafi yawan wannan zafi a wajen tsinka ɗaurin haidirojin yake ƙarewa.

Wendell Latimer da Worth Rodebush na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ne suka yi bayanin wannan ɗauri a cikin ruwa a 1920. Linus Pauling ya yaɗa sunansa a littafin da ya wallafa a 1939 kan ɗaurin sinadarai. A 2011 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta fitar da sabuwar ma'anarsa, inda ta sanya sauyin da ake gani a hasken infared cikin alamomin da ake gane shi da su.

Dalilin da ya sa ake rarraba ruwa gungu-gungu

A cikin kofin ruwa, kowace ƙwaya tana kewaye da maƙwabta ta kowace fuska, kuma suna sauya abokan ɗauri cikin ƴan fikodaƙiƙa, wato daƙiƙa ɗaya a raba ta gida tiriliyan. Wasu ɗaure-ɗauren gajeru ne, wasu dogaye, wasu a miƙe, wasu a karkace. Idan aka haska ruwan, abin da na'ura ke nunawa shi ne tudu guda mai faɗi wanda ya haɗiye kowa. Tamkar mutum ne ya tsaya a bakin kasuwa ranar cinta yana son ya ware muryar ɗan kasuwa ɗaya.

Gungu yana sauƙaƙa wannan. Idan ƙwayoyi biyu ne kawai, ɗaurin haidirojin ɗaya ne tak, ana iya auna tsawonsa da ƙarfinsa. Sai a ƙara ƙwaya ɗaya a sake awo, a ga abin da ya sauya. Kazalika gungun ƙwayoyi biyu zuwa goma bai fi ƙarfin kwamfuta ba, ana iya lissafa shi daga ƙa'idojin ilimin kwantam kai tsaye, a gwada sakamakon da abin da aka auna.

Hasken infared da yadda ake karanta shi

Masanin taurari William Herschel ne ya gano hasken infared a Ingila a shekarar 1800. Ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku zuwa launukan bakan gizo, ya riƙa sa ma'aunin zafi a kowane launi, sai ya tarar zafin ya fi yawa a gefen ja, inda ido ba ya ganin komai. Wannan haske da ido ba ya gani shi ne infared, ko infrarouge da Faransanci. Shi ne ɗumin da ake ji a fuska idan aka zauna kusa da garwashi.

Atam ɗin da ke cikin ƙwaya ba a tsaye suke cak ba, kaɗawa suke yi ba dare ba rana. Ƙwayar ruwa tana da kaɗawa iri uku: rassan biyu su miƙe su tsuke tare, ko ɗaya ya miƙe yayin da ɗayan ke tsukewa, ko kuma bakin gwafar ya buɗe ya rufe. Kowace kaɗawa tana da saurinta, kuma ƙwayar tana shanye hasken da saurinsa ya dace da nata ne kawai. Masu wannan fanni suna auna hasken da adadin igiyoyinsa da ke shiga cikin santimita ɗaya, suna rubuta ma'aunin cm⁻¹. Ƙwayar ruwa da ke ita kaɗai a cikin tururi tana shan haske a 3657 da 3756 wajen miƙewa, da 1595 wajen lanƙwasa. Lambar 3657 na nufin rassan suna miƙewa su dawo sama da sau tiriliyan 100 a daƙiƙa guda.

Abin da ya sa hasken ya dace da auna ɗaurin haidirojin yana kama da aikin kalangu. Idan makaɗi ya matse tsirkiyoyin a hammatarsa, fatar ta ɗaure, sautin ya hau. Idan ya sassauta, sautin ya sauka. Haka reshen ƙwayar ruwa yake: da zarar oksijin ɗin maƙwabciya ya ja haidirojin ɗin da ke kansa, reshen sai ya ɗan ƙara tsawo ya yi sako-sako, saurin kaɗawarsa ya ragu, lambarsa ta sauka. Gwargwadon ƙarfin ɗaurin haidirojin, gwargwadon saukar lambar. Reshen da aka ɗaure kuma yana shan haske fiye da da, don haka alamarsa ke fitowa ɓaro-ɓaro. Reshen da bai sami abokin ɗauri ba, wanda ake kira sakakken reshe, yana nan a wajen 3700 zuwa sama kaɗan. Da waɗannan alamomi biyu ake ƙirga rassan da ke ɗaure da waɗanda ke sake a cikin gungu.

Akwai wani ɓangare na hasken, infared mai nisa, wanda lambobinsa ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. A nan ƙwayoyin ne dungurungum ke kaɗawa, suna matsowa kusa da juna suna ja da baya, ko suna murɗawa. Wannan ɓangare yana auna ɗaurin haidirojin ɗin kansa kai tsaye.

Yadda ake haɗa gungu a ɗakin gwaji

Gungu ba ya daɗewa a zafin ɗaki, don haka duk dabarun da ake bi sun dogara ga tsananin sanyi. Ana ƙirga wannan sanyi da ma'aunin Kelvin, wanda sifilinsa ya yi daidai da digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

Dabara ta farko ita ce a daskarar da ƙwayoyin a cikin wata iska da ba ta cuɗanya da su. George Pimentel na Berkeley ne ya jagoranci ƙirƙiro ta. A 1957 shi da abokan aikinsa suka fesa ɗan tururin ruwa haɗe da naitirojin mai yawa a kan wata taga mai sanyin Kelvin 20. Naitirojin ɗin ya daskare ya kulle ƙwayoyin ruwa ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku, aka haska su. Matsalar wannan hanya ita ce daskararriyar iskar tana ɗan matsa gungun, ta gusar da lambobinsa.

Ta biyu ita ce a cakuɗa tururi da iskar hiliyam ko argon, a tura su da ƙarfi ta wata ƴar kafa zuwa cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Yayin da iskar ke bazuwa sai ta huce nan take zuwa Kelvin ƴan kaɗan, ƙwayoyin ruwa su manne wa juna suna tafe, babu abin da ya taɓa su. Hasken leza yana ratsa su a kan hanya. Da yake gungu masu girma daban-daban ke fitowa a haɗe, galibi ana haɗa aikin da na'urar auna nauyin ƙwayoyi. Gungun da ya sha haske yakan fashe, ko ya yar da wani atam mara nauyi da aka liƙa masa da gangan, na'urar ta ƙirga gutsattsarin, a gane wane gungu ne ya sha wane haske. Ƙungiyar Yuan Tseh Lee, wanda ya sami kyautar Nobel a 1986, na cikin waɗanda suka fara amfani da wannan dabarar liƙi a shekarun 1980.

Ta uku ita ce ɗigon hiliyam, wanda ya ƙunshi dubban atam kuma sanyinsa bai kai rabin Kelvin ɗaya ba. Ɗigon yana ratsa ɗakin tururi yana tsintar ƙwayoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya, su haɗu a cikinsa.

Hasken da ake amfani da shi yakan fito daga leza ta kan tebur, ko daga manyan cibiyoyi irin su SOLEIL da ke kudu da birnin Paris a Faransa, da FELIX da ke Nijmegen a Holan, da cibiyar Dalian a ƙasar Sin.

Daga ƙwaya biyu zuwa biyar

A gungun biyu, ƙwaya ɗaya ce ke bayarwa ɗaya na karɓa, kuma oksijin, haidirojin da ɗaya oksijin ɗin sun kusa zama a layi guda. A 1977 Thomas Dyke da abokan aikinsa suka auna tazarar oksijin biyun da igiyoyin rediyo da maikurowef, suka sami kusan fikomita 298. A 2011 ƙungiyar Hanna Reisler ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta yi amfani da lezar infared ta tsinka ɗaurin, ta auna ƙarfin da ya ci: 1105 a ma'aunin cm⁻¹, wato kusan kilojul 13 a kowane mol.

Daga uku zuwa biyar, ƙwayoyin zobe suke yi. Kowace tana miƙa reshe ɗaya ga ta gaba, ta karɓi ɗaya daga ta baya, ɗaya reshen nata kuma a sake yake, yana kallon sama ko ƙasan zoben. Ƙungiyar Richard Saykally ta Berkeley ce ta tabbatar da waɗannan siffofi da infared mai nisa: gungun uku a 1992, na huɗu da na biyar a 1996. Ta kuma gano cewa ko a sanyin Kelvin ƴan kaɗan zoben ba ya zama wuri ɗaya. Sakakkun rassan suna juyawa daga sama zuwa ƙasa ta hanyar da ilimin kwantam ya yarje wa abubuwa marasa nauyi irin haidirojin, wato su ratsa shinge ba tare da sun haura shi ba.

Ga lambobin da reshen da ke ɗaure yake shan haske a kansu, bisa awon da ƙungiyar Friedrich Huisken ta Göttingen a Jamus ta wallafa a 1996, tare da na zoben shida da aka auna daga baya:

Gungun biyu: 3601
Zoben uku: 3533
Zoben huɗu: 3416
Zoben biyar: 3360
Zoben shida: 3335

Idan aka gwada da 3657 na ƙwaya ita kaɗai, da wajen 3200 na ƙanƙara, za a ga lambar tana sauka mataki-mataki. Tazarar oksijin da oksijin ma haka take raguwa: daga kusan fikomita 298 a gungun biyu zuwa kusan 285 a na uku, 279 a na huɗu, 276 a na biyar, wanda ya yi daidai da abin da ake samu a ƙanƙara.

Dalilin haka shi ne, ƙwayar da ta miƙa haidirojin ɗinta takan ƙara tara cajin ragi a kan oksijin ɗinta, sai ta fi iya karɓa daga wata. Wadda ta karɓa kuma takan fi iya bayarwa. A cikin zobe wannan tasiri yana zagayawa ya dawo inda ya fara, kowane ɗauri yana ƙarfafa na kusa da shi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Henry Frank da Wen-Yang Wen sun kawo wannan ra'ayi tun 1957, amma gungu ne ya ba da damar auna shi ƙwaya bayan ƙwaya. A gungun shida, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da ya riƙe shi ba ya fitowa idan aka tara ɗaure-ɗauren bibbiyu kawai, sai an lissafa ƙwayoyin uku-uku.

Gungun shida da na takwas

A kan shida ne ruwa ke barin shimfiɗaɗɗen zobe ya fara gini mai tsawo da faɗi da kauri. Ƙwayoyi shida na iya jeruwa ta hanyoyi da dama da ƙarfinsu ya kusa zama ɗaya: zobe mai ɗauri 6, siffar buɗaɗɗen littafi mai 7, keji mai 8, da siffar zobe uku-uku biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya mai 9. Zoben yana da ɗauri kaɗan amma miƙaƙƙu masu ƙarfi, na ƙarshen kuma yana da su da yawa amma a tanƙware.

A 1996 ƙungiyar Saykally ta ga siffar keji. A 2000 Klaas Nauta da Roger Miller na Jami'ar North Carolina suka ga zoben shida a cikin ɗigon hiliyam. Da yake ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya suke shigowa, kuma sanyin yana kama su nan take, ba su sami sukunin sake jeri zuwa keji ba. Wannan zobe shi ne tubalin ginin ƙanƙara, kuma shi ya sa ƙanƙarar da ke zuba kamar auduga a ƙasashen sanyi take da kusurwa shida. A 2012 ƙungiyar Brooks Pate ta Jami'ar Virginia ta ga keji da littafi da mai ɗauri 9 duk a gwaji ɗaya, ta hanyar maikurowef, ta nuna cewa keji ne ya fi zama daram. A 2016 aka ba da rahoton cewa a siffa mai ɗauri 9, ƙwayoyi biyu kan juya tare kamar haƙoran giya, su tsinka ɗauri biyu lokaci guda ta hanyar ratsa shinge.

Ƙwayoyi takwas kuwa siffar akwati suke yi, ɗaya a kowace kusurwa, da ɗauri 12 a gefuna. Ƙungiyar Timothy Zwier ta Jami'ar Purdue ta nuna haka da infared a 1997, inda ta liƙa wa gungun ƙwayar benzin guda don a iya ware shi. A 2020 masu bincike na Dalian suka sake auna shi ba tare da liƙi ba, suka ba da rahoton akwatuna iri biyar, waɗanda bambancinsu shi ne inda kowane haidirojin ya fuskanta.

Ƙwayoyi nawa ke yin ƙanƙara?

Ruwan da ƙwayoyinsa ba su da tsari yana shan haske a wajen 3400, ƙanƙara mai tsari kuma a wajen 3200. Da wannan bambanci ƙungiyar Udo Buck da Thomas Zeuch ta Göttingen ta bi gungu daga ƙwayoyi 85 zuwa 475, tana liƙa wa kowane atam ɗin sodiyam guda don auna nauyinsa ba tare da ya fashe ba. A 2012 suka sanar cewa alamar ƙanƙara ta fara bayyana a wajen ƙwayoyi 275, ta fito sosai a 475. A 2019, bayan sun sauya yadda ake sanyaya gungun, suka ga alamar a gungun da bai wuce ƙwayoyi kusan 90 ba. A ƙasa da haka, yawancin ƙwayoyin a bayan gungun suke, babu isassu a ciki da za su riƙe tsarin ƙanƙara.

Gungu mai ɗauke da caji

Tsamin lemo da na tsamiya yana zuwa ne daga haidirojin da ya rasa elektiron ɗinsa, wanda ake rubutawa H+. A cikin ruwa ba ya zama shi kaɗai. Ko dai ya manne wa ƙwaya ɗaya ta zama H3O+, wasu uku su kewaye ta, siffar da ake kira da sunan Manfred Eigen, ko kuma ya tsaya a tsakiyar ƙwayoyi biyu suna rabonsa, siffar da ake kira da sunan Georg Zundel. Infared yana bambance su sarai: ta Eigen tana shan haske a wajen 2665, ta Zundel a wajen 1000. Ƙungiyoyin Mark Johnson na Jami'ar Yale da Michael Duncan na Jami'ar Georgia sun nuna a 2005 cewa ƙara ƙwaya ɗaya tak na iya mai da gungu daga wannan siffa zuwa waccan.

Wannan ya ba da haske kan dalilin da H+ ke tafiya a ruwa da saurin da ya fi na sauran masu caji. Ba atam ɗaya ne ke ratsa ruwan tun daga farko har ƙarshe ba. Wannan ƙwaya ce ke miƙa wa waccan, kamar masu miƙa bulo hannu da hannu a wurin gini. Theodor von Grotthuss ya hango irin wannan tafiya tun farkon ƙarni na 19. An kuma daɗe da lura cewa gungun H+ mai ƙwayoyi 21 ya fi maƙwabtansa yawa a na'ura. Binciken infared na 2004 a Amurka da Japan, da wanda ya biyo baya a 2014, sun nuna cewa keji ne rufaffe, ƙwayar ruwa ɗaya a ciki, cajin kuma a jikin bangonsa.

Inda ake amfani da sakamakon

Na farko shi ne sararin sama. Tururin ruwa shi ne kan gaba cikin iskokin da ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kuma ta hanyar shan infared yake yin haka. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda cibiyoyin hasashen yanayi irin su ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai ke aiki da hotunansu, suna ganin laimar sama ne a tsawon igiya na maikuromita 6.2 da 7.3, wato a kewayen lanƙwasar nan ta 1595. Baya ga layukan da ƙwaya ɗaya ke sha, akwai wani shan haske mara ƙarfi da ya bazu ko'ina, wanda masana ke danganta wani kaso nasa ga gungun biyu da ke yawo a iska. A iska mai ɗumi da laima, kusan ƙwaya ɗaya cikin dubu ce ke cikin irin wannan gungu, kuma idan laimar ta ninka biyu, yawansa yakan ninka huɗu. Ke nan ya fi yawa a iskar damina ta Douala ko Accra fiye da ta hunturu a Agadas. A 2013 ƙungiyar Mikhail Tretyakov ta Nizhny Novgorod a Rasha ta gano alamarsa kai tsaye a tururi mai zafin ɗaki. A 2015 kuma masu bincike a Taiwan suka nuna cewa wani sinadari mai gajeren rai da ke samuwa a iska, CH2OO, yana haɗuwa da gungun biyu cikin saurin da ya zarce haɗuwarsa da ƙwaya ɗaya nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne kwaikwayon ruwa a kwamfuta. Masu nazarin magunguna da furotin da batir duk suna buƙatar lissafin da ke bayyana yadda ƙwayoyin ruwa ke jan juna. Tsofaffin lissafe-lissafe suna tara ɗauri bibbiyu ne kawai, don haka sukan dace a wani zafi su kauce a wani. Sababbi, irin MB-pol da ƙungiyar Francesco Paesani ta San Diego ta fitar a 2013 da 2014, sun sanya tasirin uku-uku a ciki, kuma da lambobin gungu ake jarraba su kafin a yarda da abin da suka faɗa kan ruwa da ƙanƙara.

Gungu da ruwan da ake sha

Gungun ɗakin gwaji ya bambanta da ruwan kofi ta fuska biyu: yana cikin tsananin sanyi, kuma kusan duk ƙwayoyinsa a baki suke, ba su cika maƙwabta huɗu ba. A ruwan sha babu zoben biyar ko kejin shida da ke zaune a ware. Gwaje-gwaje da lezar infared mai walƙiya cikin ƙasa da fikodaƙiƙa sun nuna cewa ɗaure-ɗauren suna tsinkewa suna sake ƙulluwa ba tsayawa. A 2006 Damien Laage da James Hynes, daga École normale supérieure ta Paris, suka bayyana yadda hakan ke faruwa: reshen ƙwaya yakan yi tsalle na kusan digiri 60 lokaci guda, daga tsohuwar abokiyar ɗauri zuwa sabuwa.

Wannan yana da muhimmanci ga mai saye. A kasuwanni da shafukan intanet ana tallar ruwan kwalba da na'urori da sunan cewa suna samar da ruwa mai ƙananan gungu, ko mai kusurwa shida, wanda wai ya fi shiga jiki. Binciken da aka bayyana a sama bai goyi bayan wannan iƙirari ba. Duk wani tsari da aka ce an jera ƙwayoyin ruwa a kai yakan rushe ya sake ƙulluwa sau biliyoyi kafin a ƙifta ido, balle a kai kwalbar shago. Abin da ke bambanta ruwan sha mai kyau da mara kyau shi ne abin da ya narke ko yake rayuwa a cikinsa, kamar gishiri, ƙarafa masu guba da ƙwayoyin cuta, kuma waɗannan ne hukumomin ruwa da na lafiya ke aunawa.